Waken Da Famfona Ya Ƙona

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga ɗana Nasiru, tare da gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, ko da yake na san lafiyarka ƙalau, tunda daga nan ina jiyo ka kana rigima da ƙannenka a kan igiyar ɗaure katifa. Allah ya kai ka Baure lafiya jibi, ya tsare ka daga sharrin hanya da na direban da ke gudu kamar an ce masa garin zai tashi kafin ya isa. Allah ya sa ka buɗe shagonka a sa'a.

Bayan haka, ina sanar da kai, da Ummanka, da duk wanda lamarin ya shafa, cewa bayan dogon nazari na yanke hukuncin sallama maka baƙar lemata. Ba a yanke wannan hukunci cikin gaggawa ba. Lema ce da ta fara yi mini hidima tun kafin a sa ka firamare, ta halarci taron malamai a Katsina ba sau ɗaya ba, ta kuma taɓa korar kare. Ƙarfenta biyu sun karye, idan ruwa ya zo da iska kuma takan juye ta koma kwando, amma wannan halin tsufa ne, kada ka riƙe ta da shi. Ka karɓe ta da ladabi. An rufe wannan babi.

Ka san dai ba don lema zan zauna ina rubuta takarda ga mutumin da ɗakinsa ke kallon nawa ba. Tun azahar nake fama. Na fara a zaure, na koma gindin dalbejiya, yanzu ga ni a ɗaki, kuma nan ɗin ma bai yi mini ba. Hadari ya haɗu a gabas, ya ƙi zuba ya ƙi washewa. Ummanka ta ce, "Malam, wai me ka ɓatar ne kake ta zarya kamar mai jiran haihuwa?" Na ce mata babu komai. Ta ce, "To babu komai ɗin ya zauna wuri ɗaya, yana tayar mini da kaji."

Shekara ashirin da wani abu ina tsayawa gaban aji ina magana har ƙararrawa ta gaji da ni, amma wannan maganar na kasa yi maka ita baki da baki. Ga ta.

Ranar Litinin Iliya ya zo zauren nan. Ka tuna, kana ɗaure kwalayen magani ya yi sallama. Ya ji labarin za ka buɗe shagon taki da magungunan gona a Baure, har da aikin feshi, kuma kana neman ma'aikata biyu. Mutumin da ya sha ɗora ka a bayan babur yana kai ka makaranta, shi ne ya durƙusa a bakin tabarma yana ce maka "Malam Nasiru". Kai kuma ka yi masa ladabi, ba zan yi maka ƙarya ba. Ka ce, "Baba Iliya, ka yi haƙuri, an riga an yi magana da wasu." Na san ba a yi magana da kowa ba. Ya ce, "Ba komai, Allah ya sa albarka," ya ɗauki takalminsa ya fita. Da ka shigo ka same ni da jarida sai ka ce, "Baba, ina ni ina ɗaukar wanda ya ƙona waken Malam Hamisu? Tun ranar farko sai shagon ya mutu."

Ni kuma na ce, "Hmm." Na juya shafi.

Wannan "hmm" ɗin ne ya hana ni zama kwana uku. Ba laifinka ba ne. Labarin da ka tashi kana ji a gidan nan ke nan, kuma daga bakina ka ji shi. A makon farko za ka zaɓi ma'aikatanka, ka ce, to gara ka ji yadda abin ya faru tun ba ka zaɓa ba.

Kana aji ɗaya a sakandare lokacin da na ga cewa albashin malami da yawan bakunan gidan nan ba su taɓa haɗuwa a hanya ba. Na karanta 'yan littattafan aikin gona guda huɗu, sai na ɗauki kaina masani. Na sayi tsohon babur, da jarka biyu, da famfon feshi irin wanda ake goyawa a baya. Na ɗauki Iliya, mutumin wani ƙauye kusa da garin Babban Mutum, magidanci mai 'ya'ya, da kaɗan na girme shi. Ni nake karɓar aiki daga manoma, ni nake sayen magani, ni nake faɗin gonar da za a je da ranar da za a je. Shi kuma ya goya famfo ya shiga rana. Bai iya karanta boko ba, amma da ido yake gane ƙwaron da ya shiga gona, yana shinshina kwalba ya ce maka an gauraya.

Famfo ɗaya na saya. Ka riƙe wannan, don daga nan komai ya taso. Da shi ake fesa maganin ciyawa, da shi ake fesa maganin ƙwari. Kai da ka karanta abin a makaranta ka san illar haka, amma lokacin rabin ƙasar nan haka ake yi, sai dai a wanke famfo a ce bismillah.

Wata rana ina zaune a majalisa da abokaina bayan la'asar, Iliya ya dawo daga gona ya tsuguna ya ce, "Maigida, da an ƙaro famfo ɗaya. A ware na ciyawa daban, na ƙwari daban."

Na ce, "Iliya, baya nawa gare ka?"

Ya ce, "Ɗaya."

Na ce, "To na biyun a ka za ka ɗauka, ko a haƙora?"

Majalisa ta fashe da dariya. Shi ma ya yi murmushi ya tashi. Na ji daɗin kaina ƙwarai a ranar, har na maimaita wa Ummanka da na shiga gida. Ya sake tayar da maganar sau biyu a daminar nan, ni kuma duk lokacin sai in sami sabon abin dariya. Kuskurena na farko ke nan. Saboda haka, Nasiru, idan ma'aikacinka ya ce kayan aiki ba su isa ba, ka rufe bakinka ka saurara, musamman idan ka ji wata amsa mai ban dariya ta taso maka. Wannan ciwon gado ne a gidanmu, na gan shi a jikinka tun kana ƙarami. Wanda ke goya famfo ya fi wanda ya sayo shi sanin halinsa.

Na tashi na leƙa waje, ruwan bai sauko ba. Bari in ci gaba.

Malam Hamisu dattijo ne a ƙauyen su Iliya. Duk rayuwarsa gero yake shukawa ya sa wake a tsakani, kamar yadda ya gada. Ni ne na zauna a ƙofar gidansa na yi masa lacca, na ce ya shuka wake zalla a babbar gonarsa, irin mai saurin nuna, ni kuma zan riƙa turo masa feshi a kan lokaci. Na ce masa waken zai sayo masa geron da ya fi wanda zai noma. Ya ce, "Malam, kai ne mai ilimi." Ya bi maganata. Waken kuwa ya yi kyau, har masu wucewa kan tsaya da babur su duba.

Da waken ya fara fure ƙwari suka sauka. Malam Hamisu ya aiko, na yi masa alkawari za a fesa ranar Juma'a kafin masallaci. Na kuma yi wa wani mai fadama alkawarin maganin ciyawa da sassafen ranar, a filin da zai sa kankana. Ban taɓa ƙin karɓar aiki ba, don ba bayana ke ɗauka ba.

Da hantsin Juma'ar ina ɗakin malamai ina duba takardun jarrabawa sai waya ta yi ƙara. Iliya ne.

Ya ce, "Maigida, na gama na ciyawa. Ruwan jarka ya kusa ƙarewa, rijiya kuma da nisa. Bari in koma gari in wanke famfon da sabulu kamar sau uku, in bar shi ya kwana, gobe da sassafe in yi na Malam Hamisu."

Na ce, "Na riga na yi wa dattijo alkawari. Ɗauraye shi sau ɗaya ka wuce."

Ya ce, "Maigida, wannan na ciyawan yana maƙalewa a tiyo. Wake ba ya son ko warinsa."

Na ce, "Magani ne, ba aljani ba. Ni na karanta takardar jikin kwalbar ko kai?"

Ya ce, "To." Na kashe waya na ci gaba da ba 'ya'yan mutane sifiri.

Ban karanta takardar jikin kwalbar ba. Na karanta tarihin ƙasashen da ban taɓa zuwa ba, na karanta littattafai masu kaurin bulo, na karanta har tallan da ke bayan jarida, amma 'yar takardar nan da aka manna a kwalba ban taɓa buɗe ta ba. Daga baya na buɗe. Abin da Iliya ya faɗa shi ne a ciki, sai dai su da Turanci suka faɗa.

Bayan kwana uku ganyen waken ya nannaɗe kamar an gifta masa wuta, furen ya zube ƙasa. Na je na gani da idona. Malam Hamisu yana tsaye a tsakiyar gonar, yana ɗaga reshe ɗaya ya duba ya saki, ya ɗaga wani. Bai zage ni ba. Cewa ya yi, "Malam, wannan ma yana cikin littafin?"

Idan za ka ba da umarni ta waya, ɗana, kana zaune a inuwa wani yana rana, to ka sani duk abin da ya biyo baya da sunanka zai zo. Kuma idan alkawarin da ka yi wa mutum zai sa a yi masa aiki a gurguje, kira shi ka ce sai gobe. Zai yi fushi na yini ɗaya. Malam Hamisu da iyalinsa shekara guda suka yi suna cin sakamakon cika alkawarina.

Magana ta je gaban Dagacin ƙauyensu. Na sa babbar riga, na soka biro biyu a aljihu, na tafi kamar mai zuwa duba makaranta. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, mutane sun cika. Iliya yana gefe ɗaya kansa a sunkuye, Malam Hamisu yana ɗaya gefen da reshen wake a hannu. Da aka ba ni dama sai na gyara murya na ce, "Ranka ya daɗe, a lokacin da abin nan ya faru ni ina makaranta a Daura. Ina da shaidu sun fi sittin, dukkansu 'yan aji uku. Ban riƙe famfo ba, ban taka gonar ba."

Wasu suka yi dariya. Dagaci bai yi ba. Tsoho ne mai magana a hankali, kamar ana sayar masa da kalmomi.

Ya ce, "Malam, famfon na wa?"

Na ce, "Nawa ne."

"Maganin fa?"

"Ni na saya."

"Babur ɗin da ya kai shi?"

"Ranka ya daɗe, ai ba babur ne ya fesa ba."

Ya ce, "Na sani. Tambaya nake." Ya juya ya ce, "Malam Hamisu, da wa ka yi magana a kan gonarka?"

Malam Hamisu ya ce, "Allah ya ja zamaninka, Iliya ɗan garin nan ne, na san shi tun yana yawo ba wando. Amma da don shi ne da ban canza shukar ubana ba. Ni Malam na ba gonata."

Dagaci ya ce, "Iliya, kana da magana?"

A nan gabana ya faɗi, don na san wayar nan tana aljihunsa, kuma bakinsa lafiya lau. Ya ɗago ya dube ni sau ɗaya, ya mai da kai ƙasa ya ce, "Ranka ya daɗe, hannuna ne ya fesa."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Na sha tambayar kaina dalili. Ko kunya ce, ko yana tsoron rasa aikin, ko yana jira ne in faɗa da kaina kamar yadda babba ya kamata ya yi. Ina jin na ƙarshen ne. Ya ba ni fili in zama mutum, ni kuma na gyara zaman rigata. Dagaci ya ce mu dawo bayan mako guda.

A cikin makon nan na tafi neman wanda zai ce ina da gaskiya. Na fara da Sale, abokina tun kwalejin horon malamai, wanda daga baya ya bar alli ya zama lauya. Na same shi a ofis yana ɓare gyaɗa a kan fayil. Na ba shi labari, na cire maganar waya, na ce ina son ya gaya mini ayar dokar da ta ce wanda ya yi ɓarna shi ke biya.

Ya ce, "Hedimasta, zauna. Wa ke biyan Iliya?" Tun muna ɗalibai yake kirana Hedimasta, ni kuwa har yau ban kai ba.

Na ce ni.

Ya ce, "Wa ke gaya masa inda zai je da yadda zai yi? Kayan aikin na wa? To ma'aikacinka ne, ba ɗan kwangila ba. Da wani mai sana'ar kansa ka kira, ya zo da famfonsa da maganinsa ya yi aiki yadda ya ga dama, da maganar ta canza. Saura tambaya ɗaya: lokacin da ɓarnar ta faru, aikinka yake yi ko nasa?"

Na ce, "Aikina, amma ni ban aike shi ya ƙona gona ba."

Ya ce, "Ba wanda ke aiken mutum ya ƙona gona. Ka aike shi feshi, a cikin feshin ɓarna ta fito. Shi ma ana iya kama shi, tunda hannunsa ne, amma kai ba ka fita ba. Kai ke cin ribar aikin, kai ka zaɓo shi, kai ke da ikon gyara yadda ake yi. Mai gona yana da damar ya tsallake shi ya kamo ka, kuma duk mai hankali haka zai yi, don me zai samu a wurin Iliya? Wandonsa?"

Na ga hanya ta toshe sai na ɗauko wata. Na ce ai ni ba mai gudun nauyi ba ne, kowa shaida ne a kan maganar akuya. Wannan akuya kuwa, wataƙila ka tuna ta. Watanni kafin nan, wata Lahadi da ba a aiki, Iliya ya ɗauki babur ba da izinina ba ya tafi bikin suna a Zango, a hanya ya take akuyar wata tsohuwa. Aka zo har ƙofar gida ana hayaniya, unguwa ta taru. Na fito na ɗaga hannu na ce, "A bar shi, mutumina ne, ni ke da shi." Na biya nan take, aka yi ta sa mini albarka, na shiga gida ina jin kamar an naɗa mini rawani.

Sale ya yi dariya har gyaɗa ta sarƙe shi. Ya ce, "Wannan ai ba taka ba ce! Ranar hutu, ba izini, sabgar kansa ya tafi. Ya ajiye aikinka ya ɗauki nasa. Da wuya a kama ka a kanta. Kyauta ka yi, Allah ya ba da lada. Wato ka biya wadda ba a tambaye ka ba saboda arha ce kuma ana kallo, yanzu ga taka ta gaske ta zo kana neman taga."

Na ce, "To a ce na hana shi. A ce na ce masa ya wanke famfo ya ƙi."

Ya ce, "Ko da ka hana shi, in dai aikinka yake yi ta mummunar hanya, kai za a fara nema. Daga baya ku daidaita tsakaninku." Sai ya tsaya da ɓare gyaɗa ya dube ni. "Ka hana shi ɗin?"

Na ce, "Gyaɗar nan ta ina ce? Tana da maiƙo."

Ya ce, "Ta Zango ce. Je ka biya dattijo, Hedimasta."

Da boko ya kayar da ni sai na koma wa limamin unguwarmu, ko a can zan tashi. Ya saurare ni ya ce, a iya saninsa, wanda kake haya yana yi maka aiki kai kaɗai amintaccenka ne, ba a ɗora masa asara sai in ganganci ya yi ko sakaci. Sannan ya ce, "Sakacin nan da ake magana, na wa ne a cikinku? Kai ka sani, Allah ya sani." Na yi masa godiya na fito, ban ƙara zuwa neman fatawa ba.

Ban ce ka ɗauki wannan a matsayin karatun shari'a ba. Ni malamin tarihi ne, kuma kowace ƙara da fuskarta, idan abu ya taso ka nemi masu sani tun da wuri, ka kuma ba su labarin gaba ɗaya, ba irin nawa mai giɓi ba. Amma wannan kam ka tafi da shi: duk wanda ka ɗora a babur ɗinka, ka goya masa famfonka, ka tura shi gonar mutane, to kai ne ka je gonar. Manomi ba zai ce wane ya ɓata mini shuka ba, cewa zai yi shagon Nasiru. Don haka ka koya musu aikin da kanka. Ka karanta musu takardar kwalba da Hausa. Ka gaya musu inda babur zai je da inda ba zai je ba. Kuma ka ba su ikon su ce maka a'a daga gona ba tare da sun ji tsoron abincinsu ba.

Ummanka ta leƙo ta ce ko ta kawo fitila, hadarin ya duhunta ɗakin. Na ce na kusa gamawa. Wannan sashen ne nake ta kewayewa tun azahar.

Ranar da muka koma gaban Dagaci na riga na san zan biya. Na sa an kai buhunan gero a amalanke. Amma sai na tashi na ce, "Ranka ya daɗe, ko da yake ba ni da hannu a wannan abu, na kawo ɗan taimako ga Malam Hamisu saboda zumunci."

Malam Hamisu ya ce, "In diyya ce in karɓa. In taimako ne, ga masallaci can, a kai."

Dagaci ya ce, "Diyya ce, Malam. Ko ba haka ba?"

Na ce haka ne, a cikin maƙogwaro. Kunya ta kama ni a gaban jama'a, ni da na saba in kunyata wasu. Ka san mutum idan ya sha kaye yakan duba wa ke kusa wanda ya fi ƙarfi. Na juya kan Iliya na ɗaga murya yadda na bayan tabarma zai ji, na ce, "Kai kuma daga yau ba ni ba kai. Mutum a ba shi amana ya je ya ƙona waken bayin Allah saboda ƙyuyar wanke famfo! Kawo makullin babur."

Ya ciro makullin ya ajiye a kan tabarma, ba a hannuna ba. Ya yi wa Dagaci sallama ya tafi a ƙasa.

Kafin kaka sunan ya bi shi, Iliya Ƙona-wake. Yara ke kiransa da shi a bayan katanga, manya kuma a bayan idonsa. Mutumin da ya fi kowa iya feshi daga Babban Mutum har Baure, babu manomin da ya ƙara bari ya shiga masa gona da famfo. Ya koma dako ranar kasuwa, da rani ya tafi ci-rani. Ka ga yadda bayansa ya ranƙwafa ranar Litinin, ba famfo ne ya yi masa haka ba.

Ni kuwa, mako guda bayan na kore shi, na je kasuwa a ɓoye na sayo famfo na biyu, na shafa wa na ciyawa jan fenti. Ummanka ta gan su jingine a zaure ta ce, "Malam, bayan wa ya zama biyu?" Na wuce ɗaki. Ita kaɗai ta gane, kuma ba ta sake tayar da maganar ba, sai dai tun daga ranar duk lokacin da na fara ba baƙi labarin yadda ma'aikaci ya cuce ni, takan tashi ta shiga madafa. Ma'aikata uku na ɗauka bayansa, ba wanda ya kama ƙafarsa, cikin damina biyu sana'ar ta mutu.

Doka ta karɓi nata, Dagaci ya rufe magana, Malam Hamisu har ya rasu muna gaisawa. Asarar wake na biya. Laifin kuwa na bar shi a wuyan wanda ya yi mini gargaɗi sau huɗu, kuma wannan babu kotun da za ta kira ni a kansa. Ranar da ma'aikacinka zai yi ɓarna, kuma za a yi, don aiki ne, ka tsaya a gabansa ka ce wa mai gona "mu ne". In akwai faɗa ku yi shi a cikin shago bayan an rufe ƙofa, kuma kafin ka buɗe baki ka tambayi kanka me ka ba shi, me ka ce masa.

Shagon naka ne, da guminka da na Ummanka aka haɗa shi, ba zan zaɓar maka ma'aikaci ba. Na riga na nuna gwanintata a wannan fanni. Abin da nake roƙo shi ne kada ka rufe magana sai ka je ƙauyensu ka zauna da shi. Ka ba shi kwalba ya shinshina, ka kai shi gona ya duba ganye, ka gwada shi kamar kowa. In bai yi maka ba, ka bar shi saboda dalilinka, ba saboda labarina ba. Na san abin da kake tsoro, cewa manoma za su guji shagon idan suka gan shi. Tsoron yana da tushe, kuma ni na dasa shi, don haka ni zan cire. Ranar kasuwar Babban Mutum mai zuwa zan biyo mota. Dagacin nan yana nan da ransa, na tambaya. Zan roƙe shi ya sa a shimfiɗa tabarmi, a kira Iliya da 'ya'yan Malam Hamisu, in faɗi maganar waya da irin muryar da na karɓi makulli da ita. Kai ma ina son ka zo ka tsaya. Ban san ko Iliya zai yafe ba, ban ma san ko zai zo ba.

Allah ya tsare ka a tafiyarka da zamanka, ya tsare hannunka da hannun duk wanda zai yi aiki da sunanka. Ya ba ka abokan ciniki masu haƙuri da ma'aikata masu faɗa maka gaskiya, ya ba ka kunnen jin ta. Ya kiyaye gonakin mutane daga kuskurenka, ya dawo mana da kai lafiya. Ka riƙe salla a kan lokaci, ka riƙa kiran Ummanka ko ba ka da abin faɗa. Amin.

Ni ne mahaifinka.

Iliya ya ce a wanke, na ce a wuce. Ni na ƙona waken, kuma ban kyauta ba.